Ajiyar Takardu da Hotunan Gida: A Intanet ko a Faifai?

Jawabin da ɗaya daga cikin malaman kwamfuta na reshenmu ya gabatar a taron mambobi da iyalansu na ƙarshen zango

 

Mai girma shugaban reshe, sakatare da sauran 'yan kwamitin zartarwa, iyayenmu da suka ajiye alli suka bar mana aji, 'yan uwana malamai maza da mata, da iyalanmu da suka halarci wannan zama, barkanmu da wannan lokaci. An ɗora mini nauyin yin bayani a kan wata tambaya da ta yawaita a ɗakunan malamai: wanda yake son adana takardunsa da hotunan iyalinsa, shin ya fi masa alheri ya ɗora su a intanet, ko kuwa ya sayi faifan ajiya ya kulle a akwati? Zan ba da amsata, amma ina neman izini in fara da kayan da ake son adanawar, domin sai an san nauyin kaya ake sanin jakin da za a nema.

Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan yakan shekara 35 yana aiki, malami kuwa, a inda aka fara aiki da dokar 2022 da ta tsawaita mana wa'adi, yana iya kaiwa shekara 40. A tsawon wannan zamani, abin da ke tsaya masa shaida 'yan takardu ne da jaka ɗaya ta ishe su: takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta tabbatarwa, da na ƙarin girma mataki bayan mataki, da na canjin wurin aiki, da shaidar karatu tun daga firamare har NCE ko digiri, da shaidar rajista da TRCN, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da ta asalin ƙaramar hukuma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin tantance ma'aikata ya san yadda rashin guda ɗaya daga cikinsu ke iya tsayar da albashin mutum wata da watanni. Ranar ritaya ma su za a fara tambaya kafin a yi zancen fansho da giratuti. Idan kuwa ta Allah ta kasance kafin lokacin, matar marigayi ko mijin marigayiya da marayu ne za a ce su kawo su, alhali da yawansu ba su taɓa ganin ko launin takardun ba.

Sai dai a lura, hoton takarda ba ya maye gurbin takarda. Ofis ta asali yake nema, kuma wajibi ne a ci gaba da killace ta daga gara da ɓera da yoyon damina. Amma idan ta asalin ta ƙone ko ruwa ya cinye ta, wanda ke riƙe da hotonta yana da lambar fayil, da kwanan wata, da sunan jami'in da ya sa hannu. Da waɗannan, haɗe da rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, neman madadi kan zo da sauƙi. In babu su, sai a yi ta kai da komo tsakanin ofisoshi ana laluben fayil ɗin da aka buɗe tun kafin a haifi magatakardan da ke laluben.

Ban da takardun aiki, akwai na fili da na gida, akwai tambayoyin jarrabawa da shirin darasi na shekaru, akwai kundin bincike na masu ƙaro karatu, akwai kuma abin da kuɗi ba ya saya: hoton mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya, da muryar tsohuwa tana sa wa jika albarka ranar suna. A gidaje da yawa duk wannan dukiya tana cikin waya ɗaya, wayar kuma tana aljihun da ke shiga kasuwa da tasha kullum.

To, mene ne ajiya a wannan fage? Kwafi ne na biyu wanda musibar da ta ci na farko ba za ta iya cinsa ba. Ina roƙon a riƙe wannan ma'ana, domin a kanta na gina sauran maganata. Wanda ya kwashe hotuna daga waya ya zuba a faifai, sa'an nan ya goge na wayar don samun wuri, ƙaura ya yi musu, har yanzu kwafi ɗaya gare shi. Wanda ya ce nasa suna cikin memori, memorin kuma yana cikin wayar, ɓarawon da ya ɗauki wayar ya haɗa da shi. Wanda kuma ya dogara da cewa ya tura wa ƙaninsa ta WhatsApp, ya sani manhajar takan matse hoto ta rage masa kyau in ba a matsayin takarda aka tura shi ba, kuma kamfanin ba rumbu ba ne, da zarar saƙo ya isa ya sauke nauyinsa.

Bari in ɗauki faifan ajiya na waje tukuna, wato ɗan akwatin nan da ake jonawa da kwamfuta ta kebul. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai juyi, wanda a cikinsa akwai ɗan faranti mai maganaɗisu da ke juyawa kimanin sau 5,400 a minti guda, wato sau 90 a kowace daƙiƙa, da wani siririn hannu da ke shawagi a kansa yana rubutu yana karatu. Tazarar da ke tsakanin hannun da farantin ba ta kusa kai kaurin gashi ba. Saboda haka idan faifan ya faɗo daga tebur yana cikin aiki, hannun na iya kartar farantin, abin da ke wurin ya salwanta. Shi ne ya fi araha idan aka auna da yawan abin da yake ɗauka. Na biyun shi ne marar juyi, wanda 'yan kasuwa ke kira SSD. Babu abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, ya kuma fi tsada. Yana riƙe bayanai ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin wasu ƙananan gurabe, cajin kuwa yakan zurare sannu a hankali idan aka bar faifan shekaru ba a jona shi ba, zafi kuma na hanzarta zurarewar. Mu da bazararmu ke haura digiri 40 a inuwa, bai kamata mu jefa irin wannan faifai a ƙasan akwati ƙarƙashin rufin kwano mu manta da shi ba. Filash da memori 'yan gida ɗaya ne da shi, sai dai galibi kayan cikinsu ba su kai nasa inganci ba. An yi su ne don ɗaukar fayil daga nan zuwa can, ba don tsaron shekara goma ba.

Alherin faifai a bayyane yake. Sau ɗaya ake biya. Ba ya buƙatar data, ba ya jiran sabis, ba ya tambayar kalmar sirri sai in kai ka sa masa. Mai ɗaukar terabait ɗaya, wato gigabait 1,000, ya ishi yawancin gidajenmu shekaru masu yawa. Har wanda ba shi da kwamfuta yana iya jona filash ko faifai marar juyi da wayarsa ta ɗan mahaɗin nan da ake kira OTG, ko da yake mai juyi yakan nemi wutar da wasu wayoyi ba sa iya ba shi.

A wajen saye ne ake fara yin asara. Kasuwanninmu cike suke da filash da memori na jabu, waɗanda aka rubuta wa babban adadi a jiki, aka kuma koya musu su faɗa wa kwamfuta wannan adadin, alhali cikinsu bai kai ko kusa ba. Za ka yi ta zuba kaya suna karɓa, sunayen fayiloli duk suna nan reras, sai ranar buɗewa ka tarar sababbi sun danne tsofaffi. Araha ba ta ado. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw wadda ke cika faifai da bayanai sa'an nan ta karanta su don ta tabbatar da gaskiyar cikinsa. A gwada sabon kaya da ita tun rasit bai tsufa ba. Amma kada a je a yi rigima da ɗan kasuwa don faifan terabait ɗaya ya nuna kimanin gigabait 931 a kwamfuta. Wannan bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da manhajar kwamfuta, ba ha'inci ba.

Abu na biyu shi ne cutar kwamfuta. Kowa a nan ya san filash ɗin da aka kai shagon buga takardu ya dawo duk fayilolinsa sun ɓuya. Faifan da aka ware don ajiya ba ya zuwa yawo, ba a ba da aronsa, ba a kai shi ɗaukar fim ko karatu a wajen masu turi. Akwai ma cutar da ta fi wannan muni, mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, irin wadda aka kira WannaCry da ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila a watan Mayun 2017. Irin wannan cuta idan ta shiga kwamfuta takan kulle har faifan da ta tarar a jone. Don haka in an gama kwafa a cire shi ta hanyar da ta dace, a mayar da shi ma'ajiyarsa. Cirewar kuma tana kare shi daga wutar da kan dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa.

Babban aibin faifai kuwa ba a jikinsa yake ba, a mazauninsa yake. Ɗaki ɗaya yake kwana da kwamfutar, da wayar, da takardun asali. Gobarar hunturu ba ta zaɓe, ɓarawo kuma jaka guda yake zuba su. A watan Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare, mutane suka fita da tufafin jikinsu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. A irin wannan dare babu mai tsayawa neman mabuɗin akwati, kuma takarda da faifan da ke ɗauke da hotonta ruwa ɗaya ke tafiya da su.

A nan ne ajiyar intanet ke da fifikon da faifai ba zai taɓa samu ba. Turawa na kiran ta girgije, amma babu girgije a cikin lamarin. Kwamfutoci ne na wani kamfani, jere a manyan gine-gine masu na'urar sanyaya, a ƙasashen da mafi yawanmu ba za mu taɓa takawa ba. Ajiya ce irin wadda kakanninmu kan bai wa amintaccen attajiri idan za su tafi hajji a ƙasa. Manyan kamfanonin kan riƙe kwafin abinka a wuri fiye da ɗaya, don haka lalacewar na'ura guda ba ta shafe ka. Idan wayarka ta ɓata yau, gobe ka shiga asusunka a wata wayar ka tarar da takardunka. Idan an kira ka tantancewa a babban birnin jiha ka manta wata takarda a gida, kana iya buga hotonta a nan take. Google na bai wa kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa a tsakaninsu. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple kowanne na ba da 5, Dropbox kuma 2.

Amma mai riƙon ajiya yana da nasa sharuɗɗa, kuma shi ke da ikon sauya su. A 2016 Microsoft ya rage kyautarsa daga gigabait 15 zuwa 5. Shekaru da dama Google Photos na karɓar hotuna ba iyaka, sai ya dakatar da hakan daga ranar 1 ga Yunin 2021. A farkon 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta masu wayar Android ta fara cin rabonta daga cikin gigabait 15 ɗin nan, abin da ya sa asusun mutane da yawa ya cika ba su ankara ba. Asusu kuwa in ya cika, wasiƙun Gmail ma sukan daina shigowa. Daga Disambar 2023 kuma kamfanin ya bai wa kansa damar goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ban kawo waɗannan don zargi ba, gidan haya ne, mai gida kuma yakan ƙara kuɗi ko ya ba da notis. Akwai ma lokacin da gidan kan rushe ɗungurungum: a Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe shafin ajiya na Megaupload, masu laifi da marasa laifi duk suka rasa hanyar isa ga kayansu. A Maris ɗin 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, wasu abokan cinikinsa da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar da ba ta dawo ba.

Sai batun aljihu, wanda malami ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kansa. Ɗora kaya a intanet data yake ci, sauke su ma data yake ci, ɗorawar kuma ta fi saukewa nawa a yawancin layukanmu. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda ya wuce rabon kyauta kuma zai shiga biyan wata-wata ko shekara-shekara, biyan da ba shi da ranar ƙarewa, ga kamfanin da ke lissafinsa da dala, alhali mun ga abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023. Mai albashin da kan yi jinkiri ya yi tunani sau biyu kafin ya rataya hotunan 'ya'yansa a kan kuɗin da dole ya fita kowane wata.

Haka nan, ajiyar da ke intanet tana hannunka ne muddin akwai sabis. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a haka. A Maris ɗin 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da ofisoshi suka tsaya cik a ƙasashe da dama har da tamu.

Akwai wani ruɗani da nake son mu kawar. Yawancin waɗannan manhajoji aikinsu daidaitawa ne, wato su sa abin da ke waya da abin da ke intanet su zama iri ɗaya. Idan yaro ya ɗauki waya ya goge hoto a cikin manhajar, yakan gogu a can ma. A Google Drive abin da aka goge yakan zauna a kwandon shara kwana 30, bayan nan ya tafi. Wanda bai lura ba sai bayan zango guda, ya makara.

Duk da haka, abin da ya fi raba mutanenmu da ajiyarsu ta intanet ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Mabuɗi ne. Ina tambaya, ba sai an ɗaga hannu ba: mutum nawa ne a zauren nan suka san adireshin Gmail ɗinsu da kalmar sirrinsa da ka? Da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu ranar saye, ko ɗa, ko ɗalibi, ya sa kalmar da shi ma ya manta kafin magariba. Muddin wayar na hannu komai lafiya. Ranar da ta ɓata, kamfani zai ce zai aika lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajista da shi, layin kuwa yana cikin wayar da aka sace, ko an toshe shi lokacin haɗa layuka da lambar NIN, ko ya daɗe ba a amfani da shi har kamfanin waya ya sake sayar da shi ga wani. Babu ofis a garin nan da za ka je da katin shaida da mai unguwa su tsaya maka. Kayanka suna nan lafiya ƙalau a wata ƙasa, kai kuma kana waje.

To, ga amsata. Bai kamata a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba, domin kowannensu yana tsira ne daga musibar da ke hallaka ɗan uwansa. Abin da za a zaɓa shi ne wane kaya zai tafi ina, kuma lissafi ne zai raba gardama. A ce dukan takardun aikin malami da na gidansa sun kai shafi 60, kowane shafi ya ci megabait ɗaya, wanda ma ya yi yawa. Megabait 60 ke nan, a cikin rabon kyauta mai kimanin megabait 15,000, wato zai ɗauke su sau 250. Datar ɗora su ba ta kai ta kallon wasan ƙwallo ɗaya a waya ba. Bidiyon awa guda kuwa da aka ɗauka da waya mai kyau yana iya cin gigabait 4 zuwa 8, ke nan biki biyu ko uku sun cinye rabon duka. Saboda haka abin da yake ƙarami kuma ba shi da madadi, wato takardu, da kundin bincike, da zaɓaɓɓun hotuna ɗari biyu ko uku, ya hau intanet, ya kuma shiga faifai. Abin da yake da nauyi, wato bidiyo da tarin hotuna, ya zauna a faifai. Fina-finai da karatuttukan da ake iya sake samu a ko'ina ba su cancanci gurbi a ajiya ba sam. A ganina, malami mai matsakaicin albashi da ya bi wannan tsari ba ya buƙatar biyan ko sisi na wata-wata.

Masana wannan fanni suna da wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata, ana kiran ta 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Ga takardu, intanet ta cika sharaɗin ƙarshe. Ga bidiyo da hotuna, mai hali ya sayi faifai biyu, ɗaya a gidansa, ɗaya a gidan ɗan uwa a wata unguwa, in so samu ne wadda ke kan tudu, a riƙa musanya su. Wanda bai da halin biyu ya sayi ɗaya, ya ƙara da filash mai inganci ɗauke da abin da ya fi muhimmanci, ya kai wa yayarsa ko ƙaninsa ajiya.

Yaushe za a riƙa yi? Mu kalandarmu ta riga ta yanka mana lokaci. Sau uku a shekara, a makon da aka miƙa sakamakon jarrabawa, a jona faifai a kwafa sabon abin da ya taru, a shiga asusun intanet a duba. Wannan shigar ita kanta ta isa ta hana a ɗauki asusun a matsayin matacce, jonawar kuma dama ce ta gano faifan da ya fara gazawa tun da sauran lokaci. Kada a tsaya ga ganin sunaye, a buɗe fayil biyar ko shida a tabbatar suna buɗuwa. Shawarata kuma ita ce duk bayan kamar shekara biyar a kwashe komai zuwa sabon faifai ko da tsohon bai nuna gajiya ba. Iyayenmu da ke zaune a gaba za su tuna kaset ɗin bidiyo na bikinsu da faifan CD na sunan ɗan fari. Ko da suna nan, ina na'urar kunna su? Babu wata na'ura da za ta raka mutum shekara 40 na aiki da shekarun fansho. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen ɗaukar hoton takarda, a shimfiɗa ta a hasken rana marar ƙarfi, a tabbatar hatimi da sa hannu da lambar fayil sun fito. Manhajar Google Drive ta waya tana da wurin ɗaukar takarda ta mayar da ita PDF. A ba kowane fayil sunan da marayan da bai san aikin gwamnati ba zai gane, kamar shekara sa'an nan "takardar ɗaukar aiki", ba jerin lambobin da waya ke liƙa masa ba.

Akwai abin da ban so a ɗora ba ko kaɗan: hoton katin cirar kuɗi, da lambobin sirri na banki. Akwai kuma amanar da ba tamu ba, wato sakamakon ɗalibai da hotunansu da bayanan iyayensu. Tun Yunin 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka bai dace sakamakon 'yar wani ya yi ta yawo a filash ɗin da ake ba da aro ba. A ware na makaranta daban da na gida. Mai son kulle faifansa yana iya amfani da BitLocker da ke cikin wasu nau'o'in Windows, ko VeraCrypt na kyauta, amma ya sani in ya manta kalmar babu maƙerin da zai fasa masa wannan kwaɗo.

Na dawo kan mabuɗi, domin iyalanmu da ke nan su ne abin ya fi shafa. Yau ɗin nan, kafin a kwanta, kowa ya tabbatar ya san adireshin asusunsa da kalmar sirrinsa, ya duba cewa lambar wayar da ke jikin asusun ita ce wadda yake amfani da ita, ya ƙara adireshin wani amintacce a matsayin hanyar farfaɗowa. Wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma ina ba da shawarar a kunna, Google na ba shi lambobi goma na ko-ta-kwana waɗanda ke buɗe asusu ko babu layin waya. A rubuta duk wannan da biro a takarda, a sa a ambulan a liƙe, a ajiye tare da wasiyya, a kuma gaya wa uwargida ko maigida ko babban ɗa inda yake da inda faifai na biyu yake. Na san akwai masu jin nauyin hakan, kowa da sirrinsa. Ga irinsu akwai mafita: a buɗe asusu na daban wanda babu komai a cikinsa sai takardu, shi za a ba da mabuɗinsa. Ban da haka, Google yana da tsarin da mutum zai ambaci amintattunsa har goma, ya zaɓi wa'adi tsakanin wata 3 zuwa 18, idan asusun ya yi shiru tsawon wannan lokaci a sanar da su a ba su abin da ya yarje musu kawai. Apple ma yana da makamancinsa na naɗa magaji.

Mai girma shugaba, ina da roƙo ɗaya ga kwamiti. Da yawa daga cikin iyayenmu 'yan fansho da abokan aikinmu na makarantun karkara ba za su iya wannan aiki su kaɗai ba. Ina ba da shawarar reshe ya ware Asabar ɗaya a hutun nan, malaman kwamfuta da matasanmu su zauna a sakatariya, kowane mamba ya zo da jakar takardunsa da wayarsa, a ɗauka masa, a ɗora a asusunsa na kansa, ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa ba tare da mai taimakon ya gani ba. Sharaɗin shi ne kada a bar kwafin takardar kowa a kwamfutar ofis ko a wayar mai taimako. A goge a gaban mai ita kafin ya tashi. Ni da abokan aikina na sashen kwamfuta a shirye muke, sakatare ya sa mana rana kawai.